Sallamar Alhaji Isiyaka da Harsasai Ɗari Biyu

Har gobe ban manta da safiyar da na tashi daga kan tebur don amsa sallama ba, na kusa raba wani likita da yatsunsa.

Bayan na yi ritaya a matsayin sajan mai kula da ma'ajiyar makamai, na samu aiki a wani kulob na wasan harbi a bayan garin Al Rayyan, can ƙasar Larabawa. Da korona ta zo, kaya suka daina isowa a kan lokaci, sai shugabanmu, wani Balarabe da muke ce wa Kaftin, ya ɗora mini aikin sake cika kwanson harsashin libarba, tunda kulob ɗin na da izini.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kwanson da aka harba ba yar da shi ake yi ba. Za ka wanke shi, ka duba ko ya tsage, ka sauya ɗan maɓallin gindinsa mai tayar da wuta, ka auna albarushi a sikeli ka zuba, sannan ka rufe da dalma. Matsalar kwanson libarba dogo ne, albarushin kuma kaɗan ne. Ko sau biyu ka zuba ba zai zubo ya tona maka asiri ba, sai dai bindiga ta fashe a hannun mai ita. Shi ya sa doka ta ce kafin ka rufe, sai ka haska tocila cikin kowane kwanso ka gani da idonka.

Ana gobe za a yi gasar farko bayan an buɗe gari, ina cika wa Dakta Bashir nasa. Likitan tiyata ne ɗan Zariya, harbi ne kaɗai hutunsa. Na jera kwanson layi-layi a faranti ina zuba albarushi, ina tsakiyar layi sai na ji an yi sallama a bakin ƙofa. Alhaji Isiyaka ne, direban kulob, dattijo ɗan Zangon Kumasi, wanda ya yi makonni a asibiti har mun fara cire rai. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Muka gaisa da gwiwar hannu, ya jiki, ya iyali, ya mutanen Kumasi, ya ce, "Sajan, abincin asibiti ne ya kusa kashe ni, ba korona ba." Muka yi ta dariya. Da ya tafi na zauna na ci gaba, na rufe, na juye su cikin akwati tare da sauran.

Ina alwalar azahar abin ya faɗo mini. Shin na haska farantin nan kuwa? A wane kwanso ma na tsaya? Na yi tunani har na gaji, ban tuna ba. Ga shi yanzu harsasai ɗari biyu ne a haɗe, duk kamarsu ɗaya. Zuciya ta ce mini shekara nawa kana wannan aiki, yi shiru kawai. Na dai ja ƙafa zuwa ofis.

"Ranka ya daɗe, ban tabbata da akwatin Dakta ba."

"Ka yi kuskure ne?"

"Ban sani ba."

Kaftin ya dube ni ta saman takunkumi ya ce, "Khalas, shi ke nan. Kwance su duka."

Haka na wuni ina ɓare harsashi ɗaya bayan ɗaya ina auna abin da ke ciki. Alhaji ya ji labari ya dawo ya zauna daga gefe, mutumin da ba ya iya minti biyu bai yi magana ba, ranar ko tari bai yi ba. Har na wuce ɗari da hamsin ba komai, na fara jin haushin kaina. Sai ga guda ɗaya, sikeli ya nuna ninki biyu cif. Na ajiye shi a hankali.

Washegari na gaya wa Dakta komai kafin ya shiga fili, na shirya shan faɗa. Ya daɗe yana duban hannunsa na dama, sannan ya ce, "Sajan, jibi ina da tiyatar wata yarinya da hannun nan." Sai kuma ya yi murmushi. "Mu a ɗakin tiyata, ko mahaifina ne ya yi sallama, sai na gama ɗinki zai ji amsa." Ya zo na huɗu a gasar, ya ce laifina ne, na tayar masa da hankali.

Alhaji ne da kansa ya kafa sabuwar doka. Lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a ƙasar, baƙi sun yi ta zuwa ganin kulob, ya riƙa tsayawa a ƙofata yana korar har manya, yana cewa, "Yalla, ku jira, Sajan bai da baki yanzu."

Abin da na koya shi ne a wannan sana'a "ban sani ba" ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Don haka ku sababbi, in kun yi mini sallama ina kan tebur kuka ji shiru, ba girman kai ba ne. Ku jira na gama haska layin, zan amsa muku har da tambayar mutanen gida.