An Cire wa Furera Zane

Duk mai cin kasuwa tsakanin Zakirai da Minjibir ya san ƙuli-ƙulin Furera, ko da bai san fuskarta ba. Siririn nan ne mai ɗan yaji, wanda muƙamuƙinka zai gaji kafin ranka ya ƙoshi. Tana zaune a bakin gonakin gero tare da mahaifiyarta, Inna Hamsatu, tsohuwa mai tsagar Barebari a kumatu, don asalinsu daga Barno ne, ko da yake yanzu ba mai jin Barbarci a gidan sai in za a yi faɗa. Furera mace ce mai fara'a, ga surutu, ga son a ci a sha. Zamanta lafiya lau, har tinkiya biyu gare ta.

Abu ɗaya mata ke yi mata tsiya a kai, shi ne hannun riga. Kowace mai matsar tunkuza naɗe hannu take yi har gwiwa, amma ban da Furera. Rigarta kullum mai dogon hannu ce, duk ta jiƙe da mai, ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Alwala ma sai ta zaga bayan ɗaki. In an tambaye ta sai ta yi dariya ta ce kyau take ɓoyewa, kada a yi mata baki.

Ba kyau ba ne. Shekarar da mijinta ya rasu, wata mata da ake kira Hajiya Mai Biza ta riƙa yawo ƙauyuka da jaka da turare, tana cewa akwai aikin gida a ƙasar Larabawa, daga nan sai Umara a sauƙaƙe. Allah wadan bakin matar nan, zaƙi kamar an jiƙa shi a zuma. Furera ta bi ta tare da wasu mata, aka ƙetara sahara da su a bayan mota, aka karɓe takardunsu, aka riƙa miƙa su gida-gida suna bauta ba lada. Don kada kayan wani su cuɗe da na wani, sai aka danne su aka yi musu lamba da allura da tawada, kamar buhunan gyaɗa. Ta Furera na cikin hannun hagu, ƙasa da gwiwa: harafi ɗaya da lamba uku. Bayan shekara biyu aka kwaso su a jirgi aka dawo da su gida. Ta ba uwarta labarin yunwa da duka, amma lambar nan ta kasa. Kunya take ji, kuma tana tsoron tsohuwa ta gani zuciyarta ta buga.

Ana nan aka kama Hajiya Mai Biza. Furera ta je birni ta ba da shaida, ta nuna wa wata ma'aikaciya hannun a ɗaki su biyu. Kotu ta ce a sayar da kadarar matar a biya waɗanda ta cuta diyya, a kuma yi musu magani. Da diyyar Furera ta sayi injin niƙan gyaɗa, sana'a ta miƙe.

Sai ran nan da kaka, suna ɓarzar gyaɗa a tsakar gida, yayanta Ikrima ya shigo da takarda daga ofishin da ya bi shari'ar. Ikrima ya yi firamare, amma karatunsa irin na mai tsallake kwata ne, kalma ɗaya sai ya tsaya ya duba gaba. To, zanen ɗaurawa da zanen alƙalami, a baki kowa muryarsa daban, a takarda kuwa ba ka raba su. Ya gyara murya ya karanta cewa ranar Litinin a kawo Furera asibiti a Kano, likita zai cire mata zane. Ya kuwa faɗe shi da muryar zanen ɗaurawa.

Inna Hamsatu ta ajiye tire ta fara salati. Ta ce wato abin da aka yi wa 'yarta a can bai isa ba, sai an tuɓe ta a birnin Kano, har da hatimi a takarda? Ta ce su riƙe injinsu in don wannan ne, kuma in Furera ta taka bakin titi ba da yawunta ba. Ikrima ma ya harzuƙa, ya ce bari ya samo biro ya mayar musu da amsar da ba za su manta ba.

Furera ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Shekara huɗu tana roƙon Allah ya raba ta da lambar nan, ga rana ta zo, uwa ta hana. Kuma ba yadda za ta warware maganar sai ta nuna abin da take ɓoyewa. Ta ce Yaya Ikrima ya ɗan ba su wuri. Da ya fita, ta durƙusa gaban tsohuwa, ta naɗe hannun riga.

"Inna, wannan ne zanen," in ji ta. "Su suka yi min."

Inna Hamsatu ba ta yi karatu ba, amma ta sha ganin lamba a jikin buhu. Ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo, ta sa babban yatsa ta murza ko zai goge. Bai goge ba. Sannan ta ɗauki hannun 'yarta ta ɗora a kan tsagar kumatunta.

"Nawa, ubana ya sa wanzami ya yi, don in na ɓata a san gidan da za a maido ni," ta ce. "Naki an yi ne don kada ki dawo. To, kin dawo. Litinin tare za mu."

Haka aka yi. Sau shida suna hawa motar Minjibir zuwa Kano, tsohuwar da ke ƙin warin fetur tana zaune da goro a kunci. Likitar mace ce, da wata na'ura mai haske da ke cinye tawadar a hankali. Furera ta ce zafinsa kamar fantsamar man suya ne, abin da ta saba da shi tun tana yarinya. A zuwa na ƙarshe ba abin da ya rage sai ɗan fari-fari a fata.

Ikrima dai har yau bai huta ba, da ya ɗauko takarda sai a ce a nemo mai karatu. Inna Hamsatu kuwa duk baƙuwar da ta zo sai ta gaya mata, fuska a ɗaure, cewa an cire wa 'yarta zane a Kano kuma a gabanta aka yi, ta bar baiwar Allah da baki buɗe.

Furera na jin su tana dariya, hannu tsirara har gwiwa cikin tunkuza. In an kira azahar sai ta ɗauki buta ta tsuguna nan tsakar gida kusa da uwarta, su yi alwala tare.