Ƙuli-ƙuli a Siton Riɗi

Shekarun baya, ina aikin tsince riɗi a wani sito da ke hanyar Makurdi, aka ce kamfanin da ke sayen kayanmu zai turo mai duba inganci. In ba ta gamsu ba, za su daina saye, mu kuma aiki ya ƙare. Da wannan aikin nake riƙe yarana.

Ogan siton ya sa muka share ko'ina, ya raba mana sababbin huluna. Ya ce, "Duk abin da ta tambaya, ku ce yes ma." Ni da ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, har a cikin keke ina ta maimaitawa.

Da ta iso, sai ta zauna a tabarma kusa da mu tana kallon hannuwanmu. Ƙawata 'yar garin Assakio ba ta iya ganin baƙo zaune baki a bushe. Ta kwance bakin zani, ta miƙa mata ƙuli-ƙuli.

"Madam, taɓa mana. Da hannuna na soya."

"Na gode, Mama." Ta juyo wajena. "Kullum kuna ci a nan?"

Na ce, "Yes ma." Gaskiya ce kuwa. Oga ya dafe kai.

Madam ta ce a ƙasashen da riɗinmu ke zuwa, akwai waɗanda ɓurɓushin gyaɗa kaɗai ke shaƙe musu numfashi, har a rasa rai.

Ƙawata ta riƙe haɓa. "Gyaɗa? Wadda muke dama wa yara kunu?"

Madam ta tambayi oga, "Kun taɓa gaya musu dalilin da ya sa ba a ci a nan?" Ya ce ai ya hana cin abinci a wajen aiki. Mu kuwa ƙuli ba abinci ba ne a wurinmu, abin motsa baki ne.

Mutanen kamfanin suka ƙi karɓar buhunan da muka riga muka tsince, amma suka ba da lokacin gyara. Aka kafa mana rumfar cin abinci a waje, da bokiti da sabulu. Madam ta dawo ba sanarwa, ta duba, aikinmu ya tsira.

Tun daga nan, in zan hana yarana abu, nakan zauna in faɗa musu dalili, ko da tuwo na kan wuta. Ƙawata dai har yau ba ta yarda gyaɗa na kisa ba. Amma in sabuwar ma'aikaciya ta zo, ita ke tsare ta a ƙofa ta ce, "'Yata, kwance bakin zanin nan mu gani."