Ƙoƙon da Ba a Wankewa

Ranar Laraba na dawo daga aikin safe a asibiti na tarar da ƙoƙon mahaifiyata a kife kusa da famfon kicin, fari fat, yana warin bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ko jakata ban ajiye ba. Na ɗauke shi, na zura yatsa a ciki, ban taɓo komai ba sai santsi.

Mahaifiyata mai burukutu ce a ƙauyenmu na Filato, da shi ta raine mu. Ranar da zan taho Amurka ta ba ni wannan ɗan ƙoƙo, wanda take kwasar gindin tsohon burukutu da shi ta zuba a sabo don ya tashi. Shekara da shekaru ba a wanke shi ba, cikinsa ya yi ɓawo baƙi kamar ƙanzo. Ta ce in na dafa ya huce, in nutsa ƙoƙon a ciki, zai tashi da kansa, amma kada sabulu ya taɓa shi. Haka kuwa aka yi. Shekara huɗu ina dafawa a gidanmu na haya a Hyattsville, cikin wani bokitin roba, da dawar da nake saya a shagon abincin tsuntsaye in jiƙa ta ta yi tsiro a bahon wanka. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Sai mahaifiyata ta rasu. Wasiƙa ta iso bayan mako uku da binne ta, takarduna kuma suna hannun hukuma, ban isa in fita daga ƙasar ba. Asabar ɗin wannan makon za ta cika shekara da rasuwa. Mun gayyaci mutanenmu, fasto zai yi addu'a da safe, in ya tafi kuma mu yi abin da ba ma gaya masa: a zuba wa mamaciya ƙoƙon farko a ƙasa. Cikin masu zuwa har da wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata, da ta zo Lanham, nan kusa da mu, renon jikoki. Ta fi shekara talatin tana shan burukutun mahaifiyata. Ni dai abu ɗaya nake so, in ba uwata abin hannunta, tunda ban zuba mata ƙasa ba.

Maigidana injiniya ne, ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. Ya gano wani shagon masu dafa giyar gida, ya kwaso tukunyar ƙarfe mai sheƙi, da ƙatuwar kwalba, da ma'aunin zafi, da wani lanƙwasasshen bututu da ake sa wa ruwa a toshe bakin kwalbar, wai in giya ta tashi zai riƙa fitar da iska. Har da ɗan littafi. Bokitina ya jefar tun mako biyu da suka wuce, wai ƙwayoyin cuta suna ɓuya a inda ya kakkarce. Ban hana shi ba. Gaskiya ma tukunyar ta burge ni, ba ta kamu.

Na same shi a falo, littafin nan a cinyarsa.

"Maigida, wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Uwargida, littafin ya ce duk abin da zai shiga kwalbar sai an kashe masa cuta. Ke ma nas ce, kin san..."

"Cutar ita ce burukutun! Ita ce uwata ta ba ni!"

Ya dubi ƙoƙon, ya dube ni, fuskarsa ta faɗi. Da ya yi gardama da na ji daɗi, don ina da maganganu cike da ciki. Sai ya ce, "Ban sani ba wallahi." Na gaya masa sauran duk da haka, har da waɗanda ba su shafi ƙoƙo ba.

Ruwan dawar ya riga ya sha dahuwa biyu, ya yi tsaminsa, ya huce. Babu lokacin sake wani, tsiro kaɗai kwana biyar ne. Na ɗauraye ƙoƙon har hancina ya daina jin bilic, na bar shi cikin tukunyar tsawon yammaci, sannan na juye a kwalba na toshe.

Alhamis da safe bututun ko motsi. Maigida ya duba ma'auninsa ya ce sanyi ne, lokacin kuwa hunturu ya kankama. Muka ja kwalbar gindin hita, na lulluɓe ta da bargonmu. A asibiti ina gwada zafin marasa lafiya, hankalina yana kan kwalba. Da rana na buga waya gida daga wayar da ake sa wa kwabo, ya ce shiru har yanzu.

Da na dawo na ɗanɗana. Zaƙi zalla, kunu kawai. Kuma na san ruwan dawa ba ya jiran kowa, in bai tashi ba zai yi yauƙi ya lalace. Na shiga neman duk abin da tsohon burukutu ya taɓa. Muciya ta sha bilic tare da ƙoƙon. Tsumman da mahaifiyata ta naɗe ƙoƙon da shi fa? Na birkice akwati na same shi a ninke, yana ƙamshin sabulu. Ni da hannuna na jefa shi injin wanki watanni da suka wuce. Wannan kam ban gaya wa maigida ba. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da wasiƙa ta zo.

Jumma'a ban je aiki ba. Na cire bututun, na jijjiga kwalbar, na bar bakinta a buɗe ko iska za ta kawo wani abu. Wace iska, a ɗakin da aka liƙe tagoginsa? Na sa kunne a jikin gilashin, ban ji komai ba. Warin ya fara canzawa kaɗan, irin canjin da mahaifiyata kan ce a zubar wa aladu.

A kan tebur akwai ɗan ƙunshin yis, garin da ke tayar da giya, na shagon nan. Maigida ya ajiye shi tun safe, ya fice. Na zagaya shi ya fi sau goma. In na zuba, za a sami abin sha, amma ba na uwata ba. In ban zuba ba, gobe in tari mutane da ruɓaɓɓen kunu. Da rana ta take na yage shi da haƙori na zazzage a kwalbar.

Kafin la'asar kumfa ta rufe sama, bututun yana ɓul-ɓul ba hutawa. Maigida ya shigo ya ji, ya buɗe baki zai yi murna, ya ga idona, ya rufe.

Asabar fasto ya yi addu'arsa ya tafi. Muka sauka bayan gidan, inda ciyawa ta daskare. Na cika ƙoƙon na durƙusa na miƙa wa tsohuwar, don ita za ta fara ɗanɗanawa kafin a zuba. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Sannan ta karkata ƙoƙon ta leƙa cikinsa, ta shafa bakinsa da babban yatsa. Ta gane shi.

"'Yata, wa ya wanke?"

Maigida yana tsaye a bayana, na ji ya ja numfashi zai amsa.

"Mu ne, Mama," na ce.

Ta jinjina kai. "Ya yi tsabta da yawa," ta ce. Ba ta zuba ba. Ta mayar mini da ƙoƙon, ta riƙe wuyan hannuna da nata hannun mai sanyi.

"Ke za ki zuba. Ki gaya mata da bakinki, ni ba zan yi mata ƙarya ba."

Na tsiyaye shi a kan ciyawar. Ƙasar ta ƙanƙare, bai nutse ba, ya tsaya a sama yana kumfa. Na kira uwata da harshenmu, na ce mata nata ya ƙare a hannuna.