Hoton da Anti Tsaf Ta Ƙi Bugawa

A layin masu buga takardu, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da cajar waya, akwai wani ɗan shago mai ƙofar gilashi da kullum a goge take. Mai shagon mace ce gajera mai tabarau, duk layin kuma Anti Tsaf ake kiranta. Daga bakinta sunan ya fito. In ta gama aiki sai ta kai hancinta dab da fuskar kwamfuta, can ta ce, "Yanzu ya fito tsaf." In ba ta faɗi haka ba, ko kwana za ka yi a kan bencinta ba za a buga maka ba.

Da tafireta ta fara, a wani ofis inda aikinta shi ne ta buga abin da aka ba ta, ta yi shiru. Shirun ne ya gagare ta. Da kwamfuta ta shigo ta koyi tsara shafi, sai ta gano ba abin da ke mata daɗi a duniya kamar ta zana akwati a shafi, ta ɗauko hoto ta zaunar da shi a ciki, rubutu ya kewaye shi ba tare da ya taɓa shi ba. Ta bar ofis ta kama shago. Katin gayyata, kalanda, mujallar makaranta, takardar tallan maganin ƙwari, duk ta hannunta suke bi, kowanne kuma sai ya sha binciken da ko a asibiti ba a yi wa mutum irinsa.

Ba ta jan hoto ta gefe, ta kusurwa take ja, don kada fuska ta baje ko ta tsuke. Shugaban ƙungiyar direbobi, wani dogo siriri, ya taɓa kawo aikin kalanda, ya ga hotonsa bai cika akwatin ba.

"Anti, ɗan ja ni ta gefe mana, in cika wurin."

"Ranka ya daɗe, in ƙiba kake so ga mai abinci can ƙarshen layi. Ni ba na ƙara wa mutum abin da Allah bai ba shi ba."

Ya tafi da fushi, ya kai aikin wani shago, aka ja shi son ransa. Kalandar ta fito kansa kamar an zauna a kai. Shekara na zagayowa sai ga shi a kan bencinta, shiru kamar ba shi ba.

Abin da ta fi tsana kuwa shi ne ƙaramin hoto a ce ta faɗaɗa shi. Mutane kan zo da hoton da ya yi yawo daga waya zuwa waya har ya gaji, su ce a cika shafi da shi. Sai ta jawo shi kusa, ta ƙara jawowa, har ido ɗaya ya cika fuskar kwamfuta, ta nuna musu yadda ya fashe ya koma ƙananan akwatuna. "Tela ba ya ɗinka riga da hankici," in ji ta. "A kawo na asali." Wasu su kawo, wasu su tafi suna ƙunƙuni. Ita ko a jikinta.

A gida dai ba wanda ya san wata Anti Tsaf. Auta ce, kuma Auta za ta mutu. Mahaifinsu ma'aikacin hukumar ruwa ne, mai duba mita, mutumin da in ya hango mai kyamara sai ya tuna yana da aiki a bayan gida. Ya rasu tun tana aikin tafireta, bai bar hoto a duniya ba sai guda ɗaya, na jikin katin shaidar aikinsa, wanda bai fi babban yatsa ba, ga hatimi ya cinye masa kafaɗa. Umma na ajiye da katin a cikin gidan tabaraunta.

Wata ranar Lahadi Yaya, babban wansu, ya shigo shagon ya ajiye katin a kan teburinta, bai ko zauna ba.

"Umma ta ce ki yi mata shi babba."

"Babba kamar yaya?"

"Kamar kalandar nan taki."

Ta yi dariya. "Yaya, ka san dai abin da kake faɗa? Wannan ko katin gayyata ba zai cika ba."

"Auta, ba ta ganinsa yanzu. Ta kai shi bakin taga, ta juya, ta juya, ba ta ga komai ba. Likita ya ce jijiyar idon ce ke tafiya, magani rage mata gudu kawai yake yi. In za ki yi, ki yi tun da sauran gani."

Ta daina dariya. Ta san idon Umma ya yi rauni, amma ba ta san ya kai nan ba, kuma ta ji tsoro sosai.

Ta ɗora katin a sikana, injin da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, ta ɗauke shi da duk ƙarfin da injin ke da shi. Ta buɗe babban shafi, ta zana akwati, ta zaunar da hoton, ta kama kusurwa ta ja. Baba ya girma, ya girma, ya fashe. Ta jawo shi kusa yadda ta saba, sai ga idonsa ya zama akwatuna masu toka-toka, hancin kuwa ba ka ce hanci ba ne. Ta kashe kwamfutar ta tafi gida da ciwon kai.

Daga nan aka shiga jan ƙafa. Umma ta kira a waya, a ce tawada ta ƙare. Ta sake kira, a ce takardar da ta dace ba ta iso ba. Matar da ta kori rabin layi saboda uzurin banza, ga ta tana ƙera nata kullum da safe. Ba lalaci ba ne. A ganinta, ta miƙa wa uwarta fasasshen hoton ubanta cin fuska ne ga su biyun. Ta gwada goge nan, ta gwada ƙara haske can, kullum hancinta a jikin gilashi, kullum akwatunan na nan suna kallonta.

Yaya ne ya kawo shawara. Ya ce akwai manhajar da ke gyara tsohuwar fuska da kanta, abokinsa ya yi wa kakarsa. Ta yi tsaki, amma da ya fita ta gwada. Hoto kuwa ya fito sumul, gashin gira ɗaya-ɗaya, fata kamar an shafa mai. Zuciyarta ba ta kwanta ba, sai dai ba akwati ko ɗaya, don haka ta buga ta kai.

Umma na zaune bakin gado. Ta karɓa, ta kai shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Masha Allah, kyakkyawa. Ɗan wa ne?"

"Umma, Baba ne fa."

"Babanku? Da wannan hancin? Auta, da haka babanku yake ai da ban samu zaman lafiya a unguwa ba." Ta miƙo mata abinta tana dariya. "Mayar wa masu shi, suna can suna nema."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Auta ta naɗe baƙon saurayin ta sa a jaka. Tana shirin tashi ta ga Umma na lalube a kan katifa tana neman gidan tabarau, alhali ga shi nan kusa da gwiwarta, a fili. Wata biyu da suka wuce da ta gan shi. Auta ta ɗauka ta sa mata a hannu.

Washegari ko shara ba ta yi ba ta kunna kwamfuta. Ta ɗauko hoton na asali, da hatiminsa da komai, ta ja kusurwa har ya cika shafi. Hannunta ya tafi zai jawo shi kusa, ta janye hannun ta ɗora a cinya. Ta danna bugawa ta kau da kai. Da takardar ta fito ta naɗe ta da sauri kamar kayan sata, don kada mai gyaran agogo ya leƙo ya ga abin da ya fito daga shagonta.

"Umma, ga shi. Amma ki yi haƙuri, ya fashe."

Umma ta warware takardar, ta shafa ta da tafin hannu. "Ina ya fashe? Ni ban ji tsaga ba."

"Ba takardar ba, hoton. Bai fito ba."

Umma ba ta saurare ta ba. Ta miƙe hannuwa da takardar, ta ɗan karkata kai, sai fuskarta ta saki.

"To, ga shi nan. Ga kunnen nan da ya fi ɗan'uwansa fitowa. Dubi yadda ya ɗaure fuska, wai shi an tilasta masa." Ta gyaɗa wa hoton kai. "Sannu, malam. Kwana biyu."

Ta ce a kafa mata shi a bangon da ke kallon gado. Auta ta samo ƙusa da guduma, ta hau kujera ta kafa, idonta a kan ƙusar don kada ta ga akwatunan. Ta sauko ta ja da baya don ta duba ko ya karkace, ta ƙara ja, har bayan gwiwarta ya taɓa gadon.

Daga nan babu akwati ko ɗaya. Baba ne, da ɗaurarriyar fuskarsa, kamar yanzu ya dawo daga aiki yana shirin tambayar wa ya bar famfo a buɗe. Tunda ta fara sana'ar nan ba ta taɓa kallon aikinta daga nesa haka ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin da guduma a hannu, hawaye na zubo mata ta ƙarƙashin tabarau.

"Auta," in ji Umma daga bayanta, "matsa gefe, kin tare min shi."