Gaurakin da Suka Sa Aka Tura Ni Machina

Ina kwance rub da ciki cikin ciyawa a bakin fadamar Nguru, na auna wasu gauraki biyu da kyamarata, sai na ji an ɗana bindiga a bayana.

Na waiga. Ashe shugaban ofishinmu na aikin gona a Gashuwa ne ya fito harbi. A shekarun tamanin ne, ina ƙaramin ma'aikaci. Na daɗe ina bin tsuntsayen nan, ba su taɓa tsaya mini ba sai ranar.

Ya ɗora yatsa a baki, wai in yi shiru.

Na miƙe tsaye na tafa hannu da ƙarfi, har da ihu. Gaurakin suka tashi suka haye ruwa.

Ya ce, "Kai, ka san wanda ka yi wa haka?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Kaji sun cika kasuwa. Waɗannan kuwa ko ƙwayar gero ba ka taɓa ba su ba."

"To, za ka gani."

Na kuwa gani. Ba a jima ba aka tura ni Machina, nesa da fadama. Matata ta yi ta roƙo in je in ba shi haƙuri, na ƙi. A can na sayi fenti na zana gaurakin da ka, suna tashi sama, tunda hoto bai samu ba.

Har yau abokaina suna cewa wauta na yi a kan tsuntsu. Ni dai ko gobe aka sake, sai na tafa.

Ku da kuna wurin, shiru za ku yi?