Robar da Na Ƙi Ɗanɗanawa

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman tsari daga irin wayon da na yi wa kaina. Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Morris Heights sun san ni, wanda bai san ni ba kuma bai yi asarar komai ba. Ku matasa nake wa wannan rubutu, musamman masu ganin cewa in dai abu bai shiga bakinsu ba, to hannunsu wankakke ne.

Ni mutumin Katsina ne. Na yi karatun allo har na sauke, kuma Allah ya ba ni hannu mai kyau a ajami. Da na zo New York, tallar huluna da tabarau na fara a Canal Street, ina kwana a wani ɗan ɗaki a Bronx. Da zafi ya shigo, na tuna lemon da mahaifiyata take haɗawa. In matse lemun tsami da lemun zaƙi, in daka citta, in murza ganyen na'ana'a, in sa sukari, in tace, in ɗura a ƙananan robobi, in jera a kula da ƙanƙara. A jikin kowace roba ina liƙa takarda da na rubuta "Lemun Malam" da ajami. Ranar Juma'a kuma nakan kai roba goma ƙofar masallacinmu sadaka. Sana'a ce mai tsabta, kuma tana rufa mini asiri. Har yau in na tuna ba abin da na rasa a lokacin, haushin kaina yakan kama ni.

Muna haɗa kicin da wani maƙwabcina, Dogo, ɗan zangon Kumasi, mai aiki a wata mashaya. Wata rana ya kurɓi lemona ya ce, "Malam, wannan abu naka da ka zuba masa bodka kaɗan, da ka huta da tsayuwar Canal Street."

Na ce, "A'uzu billahi. Mene ne kuma bodka?"

"Giya ce, fara kamar ruwan famfo. Kai za ka sha? Waɗancan da ke kwance a fak, filin shaƙatawa, suna gasa bayansu a rana su za su sha. Ko ka sayar ko ba ka sayar ba, sai sun sha."

Na kore shi. Bayan kwana uku kuma ni na kira shi in ji yadda ake yi. Ya nuna mini: kashi ɗaya na bodka, kashi uku na lemo, a ƙara lemun tsami don ya danne ɗacin. Na kafa wa kaina doka biyu, ina ganin da su na gama da Allah. Ba zan sayar wa Musulmi ba, kuma ko ɗigo ba zai taɓa harshena ba. Mai jan murfi ta masu sha, mai koren murfi ta mutanenmu.

Ba ni da takardar izinin sayar da giya, ban ma nema ba. Wani ɗan sanda ya taɓa buɗe kulata a fak, ya ga ajami a jikin robobi, ya tambaye ni ko ruwan addu'a ne. Na gyaɗa kai. Rubutun da malamina ya koya mini da bulala, shi na mayar mayafin giya. Daga nan na daina duba fuskar mai saye. Babba ne, bai kai ba, in dai ya miƙo na miƙa.

Wata Alhamis jan murfi ya ƙare mini. Na rufe duka da kore, na raba su a firiji: na sama lemo zalla, na ƙasa mai haɗi. Da safiyar Juma'a na yi wanka, na sa farar riga, na fesa turare, na buɗe firiji. Sai ga tukunyar shinkafa da waken Dogo zaune a tsakiya, robobina kuma ya tura su gefe guda, sun cakuɗe. Na kira wayarsa, yana wurin aiki, bai ɗauka ba. Na buɗe ɗaya na shinshina, citta kawai nake ji.

Ku duba wauta. Da na ɗiga a harshe na tofar, da na gane. Amma na ce ni, da alwalata, ranar Juma'a, in ɗanɗana giya? Da kuma na bar su duka a gida, da ba abin da ya faru. Amma na ce mutane za su tambayi ina sadakar Malam yau. Na zaɓi goma da suka fi yi mini kama da na sama, har da bisimilla na zaɓa, na tafi.

Baba Inusa shi ne ladaninmu, dattijo mutumin Maraɗi. Yana tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti ta dawo da su. Kullum roba biyu yake ɗauka saboda aikin rana. Ya shanye ɗaya a gabana, ya goge baki ya ce, "Malam, yau cittar nan ta yi ƙarfi, har ƙirji take sauka." Na yi dariya. Mutumin da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, ta ina zai gane ta? Ya sa ta biyu a aljihu ya shiga mota.

Kafin la'asar labari ya iso. Baba Inusa ya daki turken fitila a hanyar Soundview, tsohuwar da ya ɗauko ta karye a hannu. 'Yan sanda suka ba shi abin hurawa, ya nuna giya. Suka karɓe lasisinsa, wurin aiki suka dakatar da shi. Ya rantse bai sha komai ba sai ruwa da lemun Malam, mutane suka ce a bar Malam, ai sauran da suka sha lafiyarsu lau. Kwamitin masallaci ya ce ya ɗan huta da kiran salla. Har na ji wani yana cewa dama idanun Baba sun cika ja. Shekara ashirin yana tada mutane asuba, ta yaya idonsa ba zai yi ja ba?

Na zubar da sauran robobin, na yi shiru. Sati shida ina sahun farko, wani yana kiran salla, Baba Inusa yana can baya kusa da takalma.

Wata Lahadi da hantsi ya yi sallama a ɗakina, da takarda da biro a hannu.

"Malam, magana ta kai gida. Yayana ba ya karanta boko, a waya kuma in na fara sai murya ta ƙi. Hannunka ya fi nawa. Ka rubuta mini."

Na zauna. Ya ce, "Rubuta: Yaya, sun karɓe mini parmin tuƙi, wannan na haƙura. Amma wallahi ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ban san ta inda ta shiga jikina ba." Na rubuta har zuwa "ban san", biro ya tsaya.

Na ce, "Baba, ni na sani."

Na faɗa masa duka, tun daga Dogo har tukunyar shinkafa. Na zaci zai mare ni. Sai ya yi ta kallona kamar yadda ake kallon akuyar da ta shiga masallaci.

"Tsaya in gane. Ka san wasu na da giya?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka ɗanɗana?"

"Haramun ne, Baba. Kuma ina da alwala."

"Alwala! La'ilaha illallahu. Wato bakinka ne mai alwala, nawa kwatami ne?" Ya miƙe, ya nannaɗe takardar. "Ba a ɗakin nan aka zubar mini da mutunci ba. Inda aka zubar, can za ka je ka kwashe."

Juma'ar da ta biyo na tashi bayan sallame salla na faɗi abin da na yi a gaban kowa. Washegari muka je wurin lauyansa, daga nan wurin 'yan sanda. Dogo ya ce shi shawara kawai ya bayar, kuma gaskiya ya faɗa, wannan ma ya ƙara mini haushi. Da aka bincika aka gano har waɗanda ba su kai shekarun sha ba na sayar wa. Na yi wata biyar a gidan yari. Ba zan ba ku labarin can ba, sai dai ku sani ba wanda ya tambaye ni ko ni ma ina sha. Alƙali bai tambaya ba. Abin da nake taƙama da shi ke nan duk lokacin zafin nan, kuma ko mutum ɗaya bai damu da shi ba.

Da na fito na tarar an mayar wa Baba Inusa lasisinsa bayan doguwar wahala, ya kuma koma kiran salla. Tsohuwar nan hannunta bai koma daidai ba, wannan yana wuyana har gaban Allah. Na tuba, ina kan tuba. Asubar farko da na ji muryar Baba a lasifika, kasa ɗaura igiyar takalmi na yi.

Yanzu wanke-wanke nake yi a wani gidan abinci, lemo kuma sai na sha a gida. Kwanan baya Baba ya zo duba ni, rana ta yi zafi, na zuba masa a kofi na miƙa da hannu biyu. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"Fara sha."

Na sha rabi, sannan ya karɓa. Haka muke yi har yau, kuma ban taɓa cewa ya isa ba.

To, 'ya'yana, ga abin da na samo, kuma da tsada na same shi. Duk abin da kuke tsoron kai wa bakinku, kada ku sa shi a hannun wani. In kun tsaya gaban abu kuna shakka, ku zubar da shi, ku bar mutane su tambayi ina sadakar yau. Allah ya tsare ku da irin tsoron Allahn da na yi a gaban firijin nan.