Daga Kwandiko a Ƙaramar Giya

Motar ta yayana ce, a-kori-kura mai jan taya huɗu. Da damina ni nake tuƙa ta, saboda shi ba ya shiri da taɓo. Kusa da libar giya akwai wata 'yar gajeriyar liba, ta ogzilari, wato ƙaramin akwatin da ke bayan giyabos, mai raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. In ka ja ta har ƙarshe, mota ta shiga ƙaramar giya ke nan. Ƙarfi irin na tarakta, gudu ma irin na tarakta.

Wata rana aka aike ni Kwandiko in ɗauko Gwaggo, yayar mahaifinmu, domin sunan jikarta a Birnin Kudu. Gwaggo ba ta ƙaunar mota. In ta shiga, ido take rufewa, ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ta yi ta salati har a isa. Na sha ɗaukar ta, ban taɓa jin wata kalma daga bakinta a hanya ba sai "Rage."

Muka kwantar da buhun geronta a baya, na lulluɓe shi da tabarma saboda yayyafi. An kwana ana ruwa, kwarin da ke bayan gari ya cika da taɓo. Na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba don su ma su ja, na ja 'yar libar nan, muka haye lafiya. Da muka hau tudu na tura ta don ta koma mazauninta, sai ta tafi salalam, babu abin da ta kama. Na sa giya ta biyar. Inji yana kururuwa, wata akuya tana tafiya daidai da mu.

Na tsaya na shiga ƙarƙashin mota. Sandar da ke haɗa liba da akwatin ta fice tana lilo. Na kama bakin akwatin da sifana na tura, ya ƙi motsi. Wasu manoma da ke wucewa suka durƙusa suka leƙo, suka yi ittifaƙi cewa kuloci ne. Na kira bakanikenmu a waya.

"In ka taka kuloci giya na shiga?"

"Dukkansu."

"Mota na ja?"

"Tana ja, har ya yi yawa."

"To ba kuloci ba ne, ba giyabos ba ne. Ogzilari ce ta maƙale a ƙasa. Ka buɗe makullan tayoyin gaba kafin ka hau kwalta, kada ka murɗe farfela. Sannan ka taho a hankali."

Na ce masa wannan na ƙarshen ba sai ya faɗa ba.

Haka muka kama hanya. Masu babur suna wuce mu, masu keke ma suna wuce mu, wasunsu har da juyowa su yi sallama. Wajen Maruta wasu dattawa da ke zaune a gindin darbejiya suka hango mota tana tafe sannu-sannu, tsohuwa a gaba ta lulluɓe kai, ga abu dogo a kwance a baya cikin tabarma. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ɗayansu ya matso ya ce, "Allah Ya jiƙan Musulmi. Wane ne?"

Na ce, "Gero ne, Baba."

Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka."

Bayan nan ne na lura Gwaggo ta saki ƙofa. Idonta a buɗe, tana kallon gonaki. Ta ce wancan ya makara da noman farko, wancan kuma ya cika wa dawarsa taki. Ta nuna mini wata tsamiya, ta ce nan suke hutawa da mahaifinmu suna yara, in an aike su da ƙafa. Ta ce shi ne yake fara gajiya, sai ta karɓi kayansa ta haɗa da nata, in sun kusa gari ta mayar masa don kada a yi masa dariya. Shekara da shekaru da rasuwarsa, ban taɓa jin wannan ba. Sai da na ɗan share ido da hannun riga. Ta ɗauka hayaƙin inji ne, ta ce in buɗe gilashi.

Mun yi azahar a hanya, la'asar a Kangire. Da muka tsaya ƙofar gida ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, yau kam ka iya tuƙi." Da ta ji ana maganar kai motar gareji bayan suna, ta tambayi abin da ya same ta. Yayana ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba.

A gareji bakanike ya fara da sandar. Robar da ke riƙe ta ta cinye, shi ya sa liba ta saki. Amma ya ce da matsalar iya nan ta tsaya, da sifanata ta fitar da mu. Ya ajiye kwano a ƙasa, ya kwance noti na tsiyaye mai. Muka durƙusa muna jira. Abin da ya fito bai wuce a shafa wa kaza a baki ba, baƙi ƙirin, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Ya haska bayan akwatin, inda farfela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyi, ke fita. Sil ɗin wurin, robar da ke tare mai, ya tsage, mai ya daɗe yana zurara, ƙura tana rufa masa asiri.

"Yaushe rabon a duba man nan?"

Yayana ya dube ni, na dube shi. Bakanike bai sake tambaya ba.

Ya cire farfelar gaba da ta baya, ya sauke akwatin a kan jak, ya buɗe shi a kan kwali. A ciki akwai wani ƙarfe mai kama da gwafa, shi ke tura zoben da ke canja giya. Bakinsa ya goge saboda rashin mai, zoben kuma ya ƙame a inda yake. Sarƙar da ke kai ƙarfi gaba ta saki, har ta fara cin jikin akwati. Ya juya boris ɗaya da yatsa kusa da kunnena, na ji yana gurnani. Aka aika Kano aka samo gwafa da sarƙa da boris da sil. Ya wanke komai da kananzir, ya shanya a rana, ya harhaɗa, ya ɗura mai har sai da ya tumbatso ta ramin cikawa.

Ya ce ba zai sallame mu ba sai an gwada ta a yashi, don kwalta ba ta faɗin gaskiyar ogzilari. Muka gangara bakin kogi. Ya ja liba, ya tura, ya sake ja, kowane mataki yana shiga da 'yar ƙara ɗaya. Mota ta ratsa yashi ta dawo ba ko tari. Na ce alhamdulillahi, mu koma.

Ya ce gwaji bai cika ba sai da kaya. Ya zaga baya ya sauko da shebur biyu, ya miƙo mini ɗaya. Ashe gini yake yi a gidansa.